Rubutun Gefen Shafi: Tafiyarmu Abaji da Tabilet

Mun tashi da asuba, ƙarfe biyar da minti arba'in daidai, ranar Asabar ɗin da ta wuce, daga ƙofar gidana a Karmo. Mu uku ne: ni, da ƙanwata mai aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya, da mijinta, wanda motar tasa ce kuma shi ya tuƙa. Biyar da rabi na ce musu. Minti goman da aka ƙara na neman makulli ne, kuma ba makullina ba.

Bari in fara faɗin abin da ya fitar da mu. Muna da kawu a wani ƙauye gaba da Abaji kaɗan, yayan mahaifiyarmu, shi ya riƙe ni har na gama firamare. Fiye da shekara talatin yana ba dattawan unguwarsa karatu bayan sallar asuba, kafin su wuce gona. Yanzu idonsa ya yi rauni. An canza masa tabarau sau biyu, likita ya ce iyakar abin da gilashi zai iya ke nan. Sai labari ya zo mana cewa ya dakatar da karatun, mako uku ke nan ba a zauna ba. Ƙanwata ta sayi tabilet, wato wayar nan mai faɗi kamar allo, don a riƙa ƙara masa girman rubutu. Ni na ɗauki nauyin zuba littattafai a ciki, tunda a sito nake aiki, kuma jera kaya kowanne a muhallinsa shi ne sana'ata.

Mako biyu na yi a kan wannan. Na koyi cewa ganin sunan littafi a waya ba ya nufin littafin yana ciki. Sai an sauke shi, a kashe data, a gwada buɗewa. Na kuma koyi cewa fayilolin iri biyu ne. Akwai wanda hoton shafi ne, idan kana son girma sai ka buɗa shi da yatsu biyu. Akwai wanda haruffansa ke girma su sake jeruwa da kansu. Littafi sittin da uku na sauke, na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na raba su gida huɗu: fiƙihu, hadisi, nahawu, tarihi. Na rubuta matakan buɗewa guda biyar a kan kwali da manyan haruffa. A raina na ce an gama.

Ta Gwagwa muka bi, muka fita Dei-Dei, muka kama hanyar Zuba. A wannan lokacin motocin 'yan aiki duk cikin gari suke nufa, mu kaɗai muke ba su baya. Bayan Giri muka fara haɗuwa da tireloli masu gangarawa Lakwaja, wasu a tsaye gefen titi direbobinsu na wanke fuska da ruwan jarka. A Gwagwalada muka tsaya karin kumallo, ƙarfe bakwai saura kwata. Koko da ƙosai muka sha wajen wata mata kusa da tasha. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya ƙanƙance. Abin da a da ake ba ka guda ɗaya, yanzu shi aka raba biyu. Mijin ƙanwata ya ce ƙosai ma ya shiga tsarin rage ma'aikata.

Daga Kwali zuwa gaba ƙasa ta buɗe. Damina ta kusa ɗaukewa, dawa ta yi kai, kuma ko'ina doya ce a jere bakin titi. Na ga matan Gbagyi da kaya a kafaɗa, ba a ka ba, kamar yadda na san su tun ina yaro. Muka tsaya wajen wata muka yi ciniki. Doya biyar ta ba mu a kuɗin da muke sayen uku a Karmo, ta ce, "Oga, ka ɗauka, yau da safe ya fito gona." Titin yana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma sai ka rage gudu ka zaɓi ramin da ya fi sauƙi. Muka wuce cikin Abaji ana kafa rumfunan kasuwa, muka karya hagu kan hanyar jar ƙasa. A nan sabis ɗin waya ya ɗauke. Na yi hamdala da na riga na sauke komai.

Ƙarfe tara da minti goma muka yi sallama. Kawu yana zaure a kan buzunsa. Ya rame, amma muryarsa tana nan. Da muryata ya gane ni, ya ce, "Sarkin Sito, kai ne da kanka?" Sunan da yake kirana ke nan tun da na kama aiki. Aka gaisa, aka tambayi na gida ɗaya bayan ɗaya, Inna matarsa ta kawo ruwa. Sannan na fito da tabilet da kwalin matakaina.

Mataki na ɗaya da na biyu sun tafi lafiya. A na uku aka tsaya. Kawu ya saba lasar yatsa kafin ya juya shafi, gilashin kuwa ba ya jin jiƙaƙƙen yatsa. Sau huɗu ina goge masa da gefen rigata. Ƙanwata tana dariya a ɓoye, ni kuwa ban ga abin dariya ba sai da muka dawo. Da ya saba, na buɗe masa littafin fiƙihun da yake karantarwa, a irin fayil ɗin da haruffa ke girma. Na ƙara su har kalma huɗu ta cika layi. Ya karanta da kansa, ba tuntuɓe. Sai ya tambayi shafi na nawa ne wannan. Na duba, lambar ta canza, don duk lokacin da aka ƙara girma sai shafuka su ƙaru. Ya ce shi littafin nan a wurare ya san shi: babi kaza yana hannun dama, can ƙasa. Littafin da shafinsa ke yawo ba zai iya karantarwa da shi ba. Na koma irin na hoto. Wannan ya fi masa, ko da yake idan aka buɗa sai layi ya fita gefe, sai an riƙa jan shi.

Ya ɗan jima yana dubawa. Sannan ya ajiye tabilet ɗin a kan cinyarsa ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Littafin ne, amma ba nawa ba ne."

Na ce masa shi ne, Kawu, bugu ɗaya ma. Bai yi mini gardama ba. Ya sa Inna ta ɗauko gafakarsa, ya zaro nasa, bangon ya yi baƙi saboda riƙo. Da ya buɗe sai na ga abin da na manta da shi, alhali a gabansa na girma. Gefen kowane shafi cike yake da rubutun hannunsa, ƙanana kamar tururuwa, wani da Larabci wani da ajami: bayanan da malaminsa ya yi masa tun yana saurayi. Matanin, wato ainihin rubutun littafin, ya daɗe da haddacewa. Abin da idonsa ya rasa shi ne wannan na gefe.

A nan ya faɗa mana dalilin tsayar da karatu. Maƙwabcinsa, wani dattijo manomi, ya tambaye shi wata mas'ala ta rafkanuwa a salla, ta wanda ya riski liman a tsakiya. Ya ba shi amsa da ka. Da ya shiga gida sai shakka ta kama shi. Ya san bayanin yana gefen wani shafi, ya buɗe, ya kasa gani, kuma a unguwar babu mai iya karanta rubutun hannunsa. Ya ce gara ya rufe baki da ya riƙa faɗa wa mutane abin da ba zai iya komawa ya duba ba.

Mako biyu ina jera littafi sittin da uku, ban buga waya sau ɗaya na tambaye shi wanne yake so ba.

Ƙanwata ce ta karɓi tabilet ɗin. Ta ce Kawu ya nemo shafin. Da hannu ya lalubo shi, bai ɓata minti ɗaya ba. Muka fita haske, na danne gefen takardar, ta ɗauki hoto da tabilet ɗin, ta buɗa da yatsu biyu har layi ɗaya na rubutunsa ya cika fuskar gilashin. Ya kawo shi kusa da ido. Leɓensa ya fara motsi. Ya karanta har ƙarshe, ya dawo farko. Ba zan kawo hukuncin a nan ba, don ni ba malami ba ne. Abin da zan faɗa shi ne, rabin amsar da ya bayar daidai ne, rabi kuma ba daidai ba.

Sai Kawu ya miƙe. Ya nemi takalminsa da ƙafa, ya rungumi tabilet ɗin, ya nufi gidan maƙwabcin. Na bi shi a baya don kada ya yi tuntuɓe. Mutumin yana tsakar gida yana jera doya a rumbu. Kawu ya tsaya a kansa ya ce, "Abin da na faɗa maka ran nan, na yi kuskure a ciki. Zauna in gyara." Dattijon ya goge hannu ya zauna a kan turmi, ya saurara har ƙarshe. Tambaya ɗaya ya yi, ko gobe akwai karatu. Kawu ya ce akwai.

Sauran yinin a aiki ya tafi, in ban da sallar azahar da sakwarar da Inna ta daka mana da miyar ganye. Ni ina juya shafi ina dannewa, ƙanwata tana ɗauka, mijinta yana riƙe da zane don kada rana ta haska takardar. Littafin ya haura shafi ɗari uku. Zuwa la'asar mun ɗauki tamanin da huɗu, kuma ba ma son yamma ta yi mana a hanya. Na roƙi Kawu ya ba ni littafin in kai Abuja a gama a rana ɗaya. Ya ce littafin bai taɓa kwana a wani gida ba, ba kuma zai fara yanzu ba. Ban ja ba. Maƙwabcin ya ce cajin tabilet ɗin yana wuyansa, yana da farantin sola. Inna ta sa tabilet ɗin a gafaka, a saman littattafai.

Ƙarfe huɗu da kwata muka kamo hanya. Mun ci cunkoso a Zuba, mun shiga Karmo ana kiran isha'i.

Abin da na koyo a tafiyar nan kaɗan ne, amma ya shiga jikina. Tsari yana da kyau, sai dai kafin ka jera wa mutum kaya, ka tambaye shi abin da ya ɓace masa.

Aiki bai ƙare ba. Shafukan tamanin da huɗu suna cikin tabilet ɗin a matsayin hotuna warwatse, na ƙarshe ne ke fitowa farko, kuma idan yatsan Kawu ya zame sai ya tsinci kansa a wani babi. Karatun da ke hannunsa ba zai kai shi wata biyu ba. Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, idan ka san yadda ake haɗa hotunan shafuka su zama fayil ɗaya, a jere, mai buɗewa daga dama zuwa hagu, ba tare da sabis ba, ka rubuto mini a ƙasa. Ka yi shi da Hausa, mataki bayan mataki, kada ka tsallake ko ɗaya, don yadda ka rubuta haka zan kwafa wa Kawu a kan kwali.