Mun Rufe Dakta Rajab Kafin Ƙasarsa Ta Ji

Ina wanke kwalaben gwaji a ɗakin binciken ruwa ranar Talata da hantsi, sai direbanmu Salisu ya faɗo ko sallama babu. "Ya akhi, Dakta Rajab ya yanke jiki ya faɗi a unguwar Waziriyya. Halas, shi ke nan, rai ya yi halinsa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da muka sha shayi tare da safe!

Dakta Rajab mutumin Sabiya ne, can Yugoslabiya, Musulmi, masanin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa. Ni ɗan unguwar Sa'alaba a nan Jidda, a hannunsa na koyi aiki. Bai taɓa yarda a kai wa alhazai ruwan da bai duba da idonsa ba. In na yi gaggawa sai ya ce da Larabcinsa mai gargada, "Musa, ƙwayar cuta ba ta san kana sauri ba." Yakan ba mu labarin masanan ƙasarsu, yadda ake raɗa wa tituna sunayensu, 'yan makaranta su haddace tarihinsu kamar na mazan jiya. Na taɓa zolayarsa, "To Dakta, kai ina titinka?" Ya yi dariya ya ce, "Ko lungu ban samu ba."

Ba shi da kowa a Jidda. Da asibiti ya ba da takarda, Baba Haruna, dattijon unguwarmu, ya ce, "Yalla, mu hanzarta, 'ya'yana, ba a barin baƙo Musulmi ya kwana." Muka yi masa sutura, muka sallace shi bayan la'asar, muka rufe shi kamar kowa, dutse kawai, babu suna.

Ranar Juma'a sai ga mutanen ofishin jakadancinsu da akwati da tuta, tare da matarsa da ta sauka daga jirgi. Ashe shi ne ya tsare ƙauyukansu daga annoba bayan yaƙi. Ashe gwarzo ne, can babban birninsu jama'a na jiran gawarsa. Amma wallahi a nan ba a tone kabari.

Matar ta tsaya a ƙofar maƙabarta, tunda mata ba sa shiga. Ta tambaye ni ta bakin tafinta, "Wanne ne nasa?" Na leƙa. An rufe wasu bayansa, duwatsun duk iri ɗaya. Layin kawai na iya nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "An wanke shi da kyau?"

"Da hannuna, Hajiya," na ce.

Ta gyaɗa kai. Akwatin ya koma babu kowa a ciki.

Allah Ya jiƙan Dakta Rajab, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa ruwan da ya tsabtace wa baƙinSa ya zame masa sanyi. Allah Ya ba matarsa da 'ya'yansa juriya, su da ba su samu ko kabarin da za su nuna ba. Amin.