Ganyen da Kawu Ya Haƙo

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi a ramin kwal, can ƙuryar arewa inda babu bishiya ko ta magani, sai tsakuwa da iska. Aikinsa duba rufi. Kafin kowa ya shiga, shi zai wuce da sandar ƙarfe yana ƙwanƙwasa dutsen sama, yana sauraren ko zai rufto. Har yau in ya shigo falonmu sai ya ɗaga sanda ya taɓa silin, mu yi ta dariya.

Inna, matarsa, a cikin itatuwa ta tashi. Ta bi shi ta zauna, amma ba ta da zance sai na inuwa.

"Ke, a kan daji muke zaune," in ji Kawu. "Kwal ɗin nan duk itace ne, ƙasa ta danne shi tun babu ɗan Adam."

"To Malam, tsinko min ganye ɗaya mana."

Da wasa ta faɗa, shi kuwa ya riƙe. Yana ganin zanen ganyaye a dutsen da ke saman kwal, baƙi wuluk, amma da ya ɓamɓaro sai su farfashe. Shekaru yana fama. Sai ranar da aka rufe ramin ya fito da guda lafiyayye, faɗin tafin hannu, duk ƙura ta lulluɓe shi. Ya ajiye a taga, wai zai ba ta mamaki, ya tafi mai da fitila da hular aiki.

Matar mahaƙi kuwa, duk abin da ya fito daga rami hukuncinsa wanki ne. Inna ta ɗauko soso da sabulu. Ashe ganyen shi ma 'yar fatar kwal ce a bisa dutse, nan take ya bi ruwa. Ramin kuma an kashe famfunansa, ruwa ya cika shi.

Bara Inna ta rasu. Dutsen yana tagar ɗakin Kawu, fes, babu komai a kansa. Ni dai ganinsa yana ci min rai, har na ce ya bari in jefar.

"Bar shi," ya ce. "Ta ce ta gan shi. Ƙurar na sauka ta gan shi, kafin hannunta ya tsaya." Ya shafa dutsen da babban yatsa. "Fushi nake yi a lokacin. Ban tambaye ta ko ya yi kama da na garinsu ba."