Cha'ibu Na Allah, Mai Haƙar Tabki

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a tattara mu. Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris na 1985, da hantsi, Cha'ibu Na Allah ya rasu a ɗakinsa a Ɗan Gawo, cikin ƙasar Mayahi, bayan tari na wata huɗu. Shekararsa hamsin da uku. Ina cikin layin rabon jar dawa a Mayahi wani mai amalanke ya taɓa kafaɗata ya faɗa mini. Ban yi kuka ba. Na jira aka auna mini tiya biyu, na ƙulle bakin buhu, sannan na hau amalanken.

Cha'ibu, da na isa ƙofar gidanka azahar ta wuce. An yi maka wanka, an sa maka likkafani, amma ba wanda ya tashi. Maza kamar ashirin suna zaune a inuwa, kowa yana kallon ƙasa. Abin da ake shawara shi ne ko za a yi maka salla a kai ka makwancin Musulmi, ko a haƙa maka can bayan gari inda ake binne arna a zamanin da. Dalilin kuwa wani ɗakin bauta ne na ƙasar Indiya, wanda ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa ganinsa. Na rubuta wannan ne domin waɗanda suka taso suka tarar ana ce maka Ɗan Indiya, ba su san mafarin abin ba.

Ni da kai taubasai ne, uwata ƙanwar mahaifinka. Rana ɗaya aka kama mu aka kai mu lakwal, makarantar boko, a Tasawa, iyayenmu na kuka kamar an kai mu yanka. Ni na zama mushe, wato malamin lakwal, daga baya direkta. Kai ka zama malamin gona. A 1971 gwamnati ta tura ka Indiya wata goma, ka koyo yadda suke noman hatsi da ɗan ruwa kaɗan. Da ka dawo duk gari ya taru. Mu Indiyar da muka sani ita ce ta silima a Maraɗi. Na ce maka, "To, taubashi, ina wadda ka yi wa waƙa a bayan itace?"

Ka ce, "Direkta, can ma yunwa na gani. Mai jin yunwa ba ya zagaya itace."

Ba ka zo da rediyo ba, ba ka zo da agogo ba. Ka zo da irin hatsi cikin gwangwani, da hotuna shida, da wani littafi mai baƙin bango da ka cika da rubutun Faransanci. Ni kaɗai ka ba shi na karanta. Na karanta shi sau uku.

Kusa da inda kuka yi karatu, in ji ka, akwai wani tsohon gari mai ɗakin bauta na Hindu. Sunansa yana da tsawo, ka faɗa mini sau da yawa, harshena bai taɓa kama shi ba. Ƙofarsa hasumiya ce da ta fi kowace kuka tsayi, an sassaƙa mata siffofi tun daga ƙasa har bisa, an shafa musu launi. A ciki ginshiƙan dutse sun fi a ƙirga, da giwa guda da ake yi wa zane a goshi. Masu tsaron wurin sun gaya maka wani sarkinsu ne ya gina shi, shekara ɗari tara da suka wuce, bayan ya dawo daga yaƙi. Amma ba ginin ne ya tsaya maka a rai ba. Tabkin da ke gabansa ne: mai kusurwa huɗu, an yi masa matakala na dutse ta kowane gefe, suna sauka har ƙasa. Ka gan shi a ƙarshen rani, ƙasarsu ta bushe kamar tamu, amma da ruwa a cikinsa.

Ka tambayi wani tsoho daga cikin masu tsaron, ya ba ka labarin da suka gada. Wai a wani zamani mayaƙa suka taso wa garin. Masu tsaro uku suka ɗauke gunkin da suke bauta wa, suka binne shi cikin taɓon tabki, don kada a farfasa shi. Aka kashe su duka ukun, ba wanda ya san inda yake. Daga nan sama ta ɗauke shekara goma sha biyu. Tabkin ya ƙafe, mutane suka shiga tonon taɓo suna neman ɗan danshin da za su sha. Wata mai gina tukwane ta kai hannu ta ji dutse. Aka ciro shi, aka wanke, aka mayar da shi ɗakinsa, kuma in ji su a ranar aka yi ruwa.

Tun daga nan kowace shekara, in rani ya yi nisa, sai su yi bikin nemansa. Gunkin yana nan a ɗakinsa, kowa ya sani, amma gari duka sai ya sauka cikin tabkin da kwanduna, ana kiɗa, ana waƙa, ana cewa ana nema. Kwana tara suna kwasar taɓo a ka, su kai gonaki su zuba. Attajiri da mai shara kwando ɗaya suke miƙa wa juna. Ɗakin bautar yana dafa shinkafa ya ciyar da kowa a bisa ganye. Rana ta goma sai su ce an samu. Su ɗora gunkin a wani keken katako mai girman soro, su ja shi da igiyoyi masu kaurin cinyar mutum, su zagaya gari. In damina ta cika tabkin kuma, sai su yi wani bikin, su jera fitilu dubbai a matakalan.

Ka shiga cikinsu ka ɗauki kwando kwana uku. Ka auna matakalan da ƙafa, ka auna zurfin da gora, ka rubuta. Na tuna abin da ka ce mini a zauren nan naka: "Su sun ce gunki suke nema. Ni na duba da kyau, ruwa suke nema. Shekara ɗari-ɗari tabkinsu bai cike da ƙasa ba. Mu namu wa ya taɓa kwashe shi?"

Sai yunwar 1973 ta zo. Shanu suka mutu a tsaye. Tabkin Ɗan Gawo, wanda kakanninmu suka ce yana kai ruwa har bazara, ya ƙafe tun kafin a gama girbin abin da babu. A shekara ta gaba soja suka karɓi mulki, aka ce kowane gari ya tashi ya yi aikin gayya. Ka ɗauka lokacinka ne ya zo. Ka tara mutane, ka ce a kwashe tabki kafin damina. Da nan ka tsaya, da an bi ka. Amma kai mutum ne da ba ya iya ba da rabin labari. Ka fito da hotunan, suka zagaya hannu-hannu. Ka faɗi mayaƙan, ka faɗi binnewar, ka faɗi mai tukwane da ruwan da ya sauka.

Ka manta da abin da kowa a garin nan yake so a manta. A bakin tabkin nan ne kakanninmu suke yanka baƙin bunsuru kowace bazara, su zuba jinin su roƙi mai tabkin ruwa. Ba a fi shekara talatin da dainawa ba. Wasu daga cikin dattawan da ke zaune gabanka sun ci naman suna yara. Mutanen garuruwan kusa har yanzu suna yi mana gori da shi a kasuwa. Sai ga ka da hoton abu mai hannu huɗu, kana cewa a sauka tabki a tona, ruwa zai zo. Wani tsoho ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Mun rufe wanga rame da ƙyar, ɗan Na Allah ya tafi bakin duniya ya samo mana mabuɗi."

Bayan kwana takwas wani mai kaki ya zo da mota, domin an kai ƙara cewa kana tara jama'a kana raba kawuna. Aka zauna a ƙofar maigari. Liman Malam Mai Nasara yana nan. Mai kakin ya juya littafinka, ya ga rubutun hannunka ya fi ƙarfinsa, ya tambaya ko akwai wanda ya karanta shi. Ka waiwayo ka dube ni.

Na ce ban karanta ba.

A lokacin ana ta sauya direktoci, ana tura wasu can arewa inda ba ruwa ba hanya. Ina da 'ya'ya shida. Waɗannan su ne dalilan da na riƙa gaya wa kaina shekara goma sha ɗaya. Aka sallame ka daga aiki. Aka daina ba ka hannu a masallaci, sai ka koma yin salla a gida, sai aka ce ai ga shi nan, ya daina salla.

Ba ka bar garin ba, kuma ba ka bar tabkin ba. Kowane rani kana ciki da magirbi da kwando, matarka Binta tana kwashe ƙasar tana kaiwa gonarku. Ka yi matakala da duwatsun da kake ɗaukowa daga nesa a jaki, ta gefe ɗaya kawai, domin ƙarfin mutum ɗaya ke nan. Ina wucewa a keke zuwa lakwal, ka ɗago daga rami ka ce, "Direkta, a gai da sarakunan Faransa!" Domin ka san abin da nake koya wa yaran da suka zo ba su karya ba. Sai in yi dariya in ƙara taka keke. Ba ka taɓa tayar mini da zancen ranar nan ba. Lokacin da 'yata Rashida ta yi ƙyanda, kai ka fara zuwa, da tulun ruwan da ka tace da ƙyalle. Irin hatsin gwangwanin nan da ka riƙa ninkawa, duk wanda ya zo nema ka ba shi, ko da ya biyo ta bayan gida don kada a gan shi.

Bara sama ta sake ɗaukewa. Iyakar ƙasa a rufe, ba inda za a gudu. Ramin da ka haƙa ya riƙe ɗan ruwan da aka samu wata biyu bayan ko'ina ya bushe. Maza ba su je ba, mata suka riƙa turawa, ana ce masa ramin arne ana sha. Daga baya shi ma ya ƙafe. Ba zan ce ka ceci garin ba. Mutane sun mutu, wasu sun tashi, rabin gidajen yanzu ba kowa. Wata biyu ne kawai. Kai kuma ƙurar ramin ta zauna maka a ƙirji.

To ga ni a ƙofar gidanka ranar Talata, na sami wuri na zauna cikin masu kallon ƙasa. Da an bar ni, ina jin da haka zan zauna har a gama. Binta ce ta fito, ba ta tsaya a zaure ba, ta zo har gaban maza da littafin a hannunta. Ta ajiye shi a cinyata.

Ta ce, "Mushe, ni ban yi lakwal ba. Maigidana ya ce kai ka san abin da ke ciki. Ga shi can kwance, rana tana yi."

Na buɗe. Na karanta musu da Hausa, shafi bayan shafi. Faɗin tabki taki kaza. Tsayin kowace matakala. Kwando nawa mutum ɗaya yake kwashewa a wuni. A wani gefen shafi ka rubuta lokutan salla na garin, da inda alƙibla take, domin can yamma ake fuskanta, ka ce ka yi kwana biyu kana kuskure. A wani wurin ka rubuta cewa sun miƙo maka tokar da suke shafawa a goshi, ka yi godiya ka ƙi karɓa, tsohon ya yi dariya ya ƙara maka shinkafa. Na gama, na ce na karanta wannan tun shekarar da ka dawo, kuma ƙarya na yi a ƙofar maigari.

Malam Mai Nasara ya tsufa ƙwarai, idonsa ba ya gani sosai. Ya juyo inda muryata take ya ce, "Gazali, mi ya hana ka faɗi tun ran nan?"

Na ce, "Aikina nake so, Malam."

Sannan ya ce a kama shi ya tashi. Sahu biyu aka yi, na biyun bai cika ba. Wasu sun zame tun kafin a ɗauko ka. Mun kai ka kusa da mahaifinka. Ƙasar ta yi tauri, da magirbinka aka ƙarasa haƙar.

Aikin da na riƙe ɗin, an ajiye ni daga gare shi shekara uku da suka wuce, da takarda mai layi huɗu. Ba wanda ya zage ni ranar jana'izarka. Na so a ce an yi. Bayan addu'ar uku na je na durƙusa a ƙofar ɗakin Binta na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba ni ka yi wa ba, Mushe." Ta ci gaba da tsince dawarta.

Ya Allah, ga bawanka Cha'ibu ɗan Na Allah ya zo maka. Ka san inda goshinsa yake sauka, ba ka bukatar shaidar kowa. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi, ka shayar da shi daga tabkin Annabinka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka ba Binta haƙuri, da 'yarsu Safi, da jikoki, da sauran dangi na garuruwan Ɗan Gawo da Sarkin Hausa da Tasawa. Ka saukar wa ƙasar nan ruwa, ka jiƙan waɗanda yunwa ta ɗauke ba a san sunansu ba. Ni kuma, ranar da za ka tsayar da mu tare, ka ba shi ikon yafe mini in ya ga dama. In bai ga dama ba, ba zan ce an zalunce ni ba.

Gazali Salifu
Tsohon direktan lakwal, Mayahi