Ranar da askata ta yanke ni a Magama

Shekarun baya, lokacin da manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin boda wajen Magama, wani abu ya same ni da sai yau zan faɗe shi. Ku yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na yi a firamare, shi ma rabinsa a bayan aji na yi shi ina yi wa 'yan'uwana aski.

Wanzami ne ni, ɗan wanzami. Direbobin nan sun yi makonni suna kwanciya ƙarƙashin mota, bayan kowa ya ƙage, sai kasuwar ƙaho ta buɗe mani. Wata Lahadi da hantsi na kafa wa wani direba mutumin Maraɗi ƙaho huɗu. Ina cikin tsaga wata mota ta danna hon a bayanmu, ya zabura, askar ta zame ta shige babban yatsana. Jininsa na kanta, ga nawa ya biyo.

Na yi dariya na ce, "Yau wanzami ya ɗanɗana." Shi bai yi dariya ba. Ya bari na gama, ya sa riga, ya ja ni bayan motarsa.

"Baba, don Allah ka saurare ni. Ina da sida. Ƙanjamau, yadda kuke cewa. Kuma maganina ya ƙare tun da muka maƙale nan."

Ban san lokacin da na zauna kan taya ba.

Ya ce, "Akwai maganin da ake sha ya tare ta, amma sai cikin kwana uku. Lokotoro, likita ke nan, ya gaya mamu. Ka tahi yau, Baba, kar ka kai gobe."

Kun san abin da babban masani irina ya yi? Gida na nufa. Na ɗaure yatsan da tsumma, na ƙara tsaga shi, na yi ta matsa, wai ina fitar da mugun jini kafin ya hau sama. Na tsoma shi cikin kananzir. Shekara arba'in ina cire wa mutane mataccen jini, ai nawa ba zai gagare ni ba.

Ranar Litinin na sa babbar riga na tafi asibiti. Sashen da ake duba wannan cutar yana da bencinsa daban, kuma duk Jibiya an san bencin. Saura taku biyar in kai, sai ga wata maƙwabciyarmu da na yi wa jikokinta askin suna.

"Sarkin aska! Lafiya? Mi ka zo yi ta nan?"

Nan take na hango abin da zai biyo baya. In aka ce an ga wanzami kan bencin nan, wa zai sake miƙo mani kansa, balle jaririnsa? Na ce dubiya na zo. Na yi wa wani bango dubiyar, na fice.

Talata na wayi gari ina lissafin abin da ya rage mani da salloli. Tuwo ya zama ƙasa a bakina. Na ware kofina daga na gida, mai ɗakina tana kallona. Yatsan kuwa ya kumbura, albarkacin aikin da gwani ya yi mashi. Bayan la'asar na lallaɓa kantin maganin da ke kusa da tasha, wai in sayi filasta.

Mai kantin magidanci ne, ya yi karatun harhaɗa magunguna a birni. Ni na yi mashi kaciya, kuma ya cije ni ranar. Na jira mutane suka ragu, na ce, "Wani abokina ne aska ta yanka, da jinin mai cutar nan a jikinta. Shi ne nake tambayar mashi."

Ya dubi yatsana. "Abokin naka shi ma babban yatsa ne, Baba?"

Na gyaɗa kai.

"Yaushe?"

"Lahadi da hantsi."

Fuskarsa ta canja, wasa ya ƙare. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Shigo ciki in auna maka hawan jini." A cikin ɗakin ya ce mani yanzu an fara ba wasu kantuna masu rajista irin nasa wannan magani, an kuma koya masu aikin. Ya ce da ranar farko na zo da ya fi, amma lokaci bai ƙure ba tukuna. Sai dai dole a fara gwada jinina. Da ya ɗauko ɗan tsinken da zai huda ni, na ja hannu.

"Haba Baba. Dubi sama ka ga tsuntsu. Ba haka ka ce mani ba?"

Gwajin ya nuna ba ni da komai a lokacin. Ya ba ni ƙwaya ta farko na haɗiye a gabansa. Kwana ashirin da takwas, kullum ɗaya, ba fashi. Na ce, "Shi kenan na tsira?" Ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba. Yana aiki ƙwarai, amma sai mun sake gwadawa bayan wata uku." Ya ce in mayar da kofina cikin na gida, ba ta nan ake ɗauka ba, kuma in gaya wa mai ɗakina gaskiya.

Na gaya mata ina kallon ƙasa. Ta ce, "Kwana biyu ka yi da tsumma da kananzir?" Daga ranar ita ke miƙo mani ƙwayar bayan azahar, ta tsaya sai ta ga maƙogwarona ya motsa. Maganin ya sa ni jiri da tashin zuciya, amma bai kai watanni ukun nan wahala ba. Ƙaramin tari in na yi, sai in ce ta fara. In sauro ya cije ni, in yini ina duba wurin.

Ranar gwajin ƙarshe mai kantin ya ajiye ɗan abin gwajin a kan tebur muka zuba mashi ido. Minti nawa ne ban sani ba, na dai karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban iya ba. Layi ɗaya ya fito. Ya ce, "Lafiyarka ƙalau, Baba." Na yi kuka a gaban mutumin da na taɓa sa shi kuka.

Na san halina. Da a ce bencin asibitin nan kaɗai ke da maganin, da na bari Laraba ta zo ta wuce ina zaune a zaure. Kuma irina suna da yawa a garin nan, ko ba su faɗa ba. Kanti kuwa kowa na shiga, ba mai tambayarka.

Yanzu na ajiye ƙaho. Aski kawai nake yi, kowa da sabuwar rezarsa. In an tambaye ni dalili sai in ce ido ne ya yi rauni. Ƙarya nake yi. Idona garau yake. Tsoro ne, kuma har yau bai tafi ba.