Rigar Likitar Kaji

"To wannan fa? Ai zif ɗin ya rufe," in ji mai shagon kayan babur.

"Ya rufe. Ina hannuna?"

Ta ɗaga hannayenta biyu a gabansa. Hannun rigar ya wuce yatsunta, yana lilo kamar kunnen akuya. Robar nan mai tauri da aka ɗinka a ciki don ta tare gwiwar hannu idan mutum ya faɗi, ita a wuyan hannu ta sauka mata. Ta kafaɗa kuwa ta zamo har tsakiyar dantse.

"Sai ki naɗe hannun."

"In naɗe hannun. Idan na faɗi kuma sai in ce wa kwalta ta dakata in gyara robar tukuna?"

Riga ta shida ke nan da ta gwada tun safe, a shago na uku. Ƙanana suna zama daidai a kafaɗa, amma zif ba ya wuce cibiya. Manya suna rufewa, su haɗiye ta har gwiwa. Mai shagon ya sosa ƙeya, ya dubi tarin rigunan da ta cire ta jibge masa a kan teburin shago.

"Gaskiya, Anti, masu yin kayan nan ba su san da irinku ba."

"Irinmu su wa?"

"Irin... masu albarkar jiki."

"Faɗi kawai, gajeru masu ƙiba. Ba yau na fara ganin kaina a madubi ba."

Likitar Kaji ake ce mata, har 'ya'yanta idan suna son tsokana haka suke kiranta. Shekara goma sha ɗaya tana zagaya gonakin kaji na bayan gari tana yi musu rigakafi. Ba da niyya ta shiga aikin ba. Da can kaji take kiwo a bayan ɗaki, sai aka sayar mata da maganin rigakafin da ya sha zafi a hanya, cikin mako guda 'yan tsaki ɗari biyu suka mutu a hannunta. Ta yi kukanta ta gama, sannan ta je ta yi kwas na wata shida, wani mai shagon maganin dabbobi, wanda suke kira Oga, ya ɗauke ta aiki. Tun daga nan ba ta da abokin gaba kamar rana. Maganin a cikin kula yake tafiya da ƙanƙara, in ƙanƙara ta narke aikin ranar ya tashi a banza. Ta yi shekaru tana tsaye a bakin titi tana jiran mota ta cika, tana jin ruwa yana motsi a cikin kular.

Tana da shekara arba'in da uku Oga ya sayi babur don aikin gona. A filin ƙwallon wata makaranta ta koya, mijinta yana bin ta da gudu yana haki yana cewa birki, birki. Makaniki ya rage mata soson sirdi don ƙafarta ta taɓa ƙasa. Gonaki uku da take yi a yini suka koma bakwai, kuma takan dawo da sauran ƙanƙara.

Sai ga shi makon jiya mai kai abincin kaji na shagonsu ya zame da babur a kwana, gwiwar hannunsa ta tsage har ƙashi. Oga ya dawo daga asibiti fuska a murtuke, ya ce daga Litinin babu mai taɓa babur ɗinsa sai da hular kwano da safar hannu da riga mai roba a kafaɗa da gwiwar hannu. Wanda bai samu ba ya ajiye mukulli. Ita ta san hannun da mukullin zai faɗa: ƙanen matar Oga, wanda yake zaune a shago yana kallon babur ɗin tun ranar da aka kawo shi, kuma kowace riga aka jefa masa za ta zauna kamar don shi aka yanka. Ita kuma ta koma bayan kantar shago tana auna garin magani a leda. Yau Asabar.

Ba wai zaune ta yi ba duk makon. Tun Talata ta sayi wata jar riga babba ta kai wa telanta, mutumin da ya shekara ashirin yana ɗinka mata kaya bai taɓa kuskure ba. Ya karya allura huɗu, ya datse hannun daga ƙasa, sannan ya miƙo mata rigar da wata leda daban.

"Na cire miki waɗannan abubuwan masu tauri," ya ce, yana jiran yabo. "Su ne suke ɓata wa rigar tsari."

Aljihunan da robar take zama a ciki ma ya farke su ya zubar. Ta kwashi kayanta ta fita, don in ta buɗe baki zumuncin shekara ashirin zai ƙare a ranar.

Mai shagon kayan babur ɗin ya ga ta zauna a kan kwalin batir tana fifita da mayafi, ya sassauta murya.

"Akwai wani tsoho a bayan layin makanikai, mai ɗinkin sirdi da tamfol. Kekensa yana cin fata. Ki ɗauki babbar nan ki kai masa. Sai dai yana da baki."

"Ni ma ina da shi."

Rumfar tsohon ba ta fi ɗakin girki ba. Sirdin babura a rataye ko'ina, wasu soso a waje, ga warin gam, ga wani baƙin keken ɗinki mai ƙafa kamar injin niƙa. A bakin rumfar akwai gangar jikin wani babur, ba taya ba inji, an kafa shi a kan bulo. Tsohon ya juya rigar ciki da waje, ya latsa robar, ya dube ta daga sama zuwa ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba.

"Wa ya zaɓa miki wannan?"

"Ita kaɗai ce take rufewa, Baba."

"Buhu ma yana rufewa. Mayar masa. Ki karɓo wadda ta zauna miki a kafaɗa, ko da zif bai motsa ba. Ciki ana ƙara masa, kafaɗa ba a gyara ta."

"Yanzu fa na fito daga can."

"To kin san hanya ke nan."

Ta koma, cikin rana, ta canzo. Da ta dawo ta saka rigar, ta miƙe tsaye ta baza hannu kamar yadda take yi wa tela, tana jiran tef. Tsohon bai ko tashi ba.

"A tsaye kike tuƙi, 'yata?"

"A'a."

"To hau can."

Ya nuna gangar babur ɗin. Ta dubi layin makanikai, duk sun ajiye sifana sun juyo. Ta ja tsaki a ciki, ta tattare zaninta, ta hau. Ya ce ta kama kan babur ɗin, ta sunkuya yadda take yi in tana kan hanya, ta matse birki, ta karya kwana hagu, ta karya dama. Wani makaniki ya ce, "Anti, a hankali, akwai rami a gaba." Ta ce masa in ta sauko zai ga rami.

Tsohon ba ya taɓa jikin matar mutane, don haka alli ya ɗaure a bakin doguwar rula, yana tsaye nesa yana zana mata alama kamar mai koyar da lissafi. Ya sa gicciye a daidai inda ƙashin gwiwar hannunta ya turo, ya ja layi a dantse, wani a wuyan hannu.

"Kin gani? Telanku daga ƙasa yake ragewa, don shi tsawo yake gani. Ni gwiwar nake bi. Sai na cire daga sama, robar ta hau inda ƙashi yake, sannan in duba abin da ya rage a ƙasa. In kin miƙe tsaye za ki ga kamar ta yi miki tsawo kaɗan. Kada ki dawo min da ƙorafi, ba don tsayuwa na yi ta ba."

"Cikin fa?"

"Zan farke gefe da gefe in sa ƙari. Amma ba da tamfol ba, tamfol in ya gogi kwalta narkewa yake. Sai irin yadinta."

Ta buɗe jakarta ta zaro jar rigar da tela ya lalata, wadda take yawo da ita tun Talata don ba ta san inda za ta jefar ba. Tsohon ya ɗaga ta, ya leƙa inda aka farke aljihunan, ya daɗe yana kallo.

"Wanda ya yi wannan yana da iyali?"

"Yana da su."

"Allah ya shirye shi. Yadin dai mai kyau ne."

Ta ce masa Litinin da safe ake bukata. Ya ce ba ya aiki Lahadi, ranar ce yake kai matarsa ganin jikoki. Ta sauko daga kan gangar, ta tsaya a gabansa, ta ba shi labarin kular da ƙanƙarar da ƙanen matar Oga, ba ta rage komai ba. Ya saurara yana zare tsohon zare daga keke. Da ta gama ya ce jikokin ba gudu za su yi ba, ta zo gobe da hantsi a sake gwadawa.

Sau biyu aka sake. A gwajin farko robar hagu ta hau daidai, ta dama ta kauce, don ashe hannunta na dama ya fi lanƙwasa saboda maƙurar mai. A na biyu hammata ta matse har ta kasa juya kai ta dubi baya. Kowane karo sai ta hau gangar nan, sai ya ɗauko rularsa. Mijinta da ya rako ta ya ce rigar ta yi kama da ta masu kashe gobara, baƙa da jan gefe. Ta ce ya je ya jira ta a inuwa.

Litinin ta riga kowa zuwa shago. Oga ya iso ya same ta zaune a kan babur, hular kwano a kai, zif har wuya. Ƙanen matarsa yana tsaye a bakin ƙofa da sabuwar rigarsa, ko takardar jikinta bai cire ba. Oga ya zagaya ta sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa kafaɗar da bayan biro, ya ƙwanƙwasa gwiwar hannun, dama da hagu. Ya ce ta miƙa hannu, ta lanƙwasa. Robar ba ta gusa ba.

"Wane kamfani ne wannan?"

"Ba ka san shi ba, Oga."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro mukullin ya miƙa mata. Ƙanen matar ya juya ciki yana cire rigarsa a hankali. Har ta sa mukullin, sai idon Oga ya sauka ƙasa, kan takalmin makarantar 'yarta da ta aro, don shi kaɗai ne rufaffe a gidan da ya yi mata daidai.

"Wannan kuma ba zai yi ba. Ƙarshen wata ina son ganin takalmin but mai rufe idon sawu."

"Oga, lamba talatin da biyar nake sawa. Ƙafar kuma faɗi gare ta."

"Sai ki fara nema da wuri."

Ta dube shi, ta dubi ƙafar. Akwai 'yan tsaki dubu biyu da suke jiranta a gonar farko, rana kuma ta fara ɗagawa. Ta sauka, ta kafe babur ɗin, ta wuce ciki wajen firji ta ɗebo ƙanƙara.