Sunayen Kukokin Yaya Nomau

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da munka rufe yayana Nomau, Allah Ya jiƙan shi. Ni ne ƙanen nan nasa da malamin allo ya sallama tun ban kai izu biyu ba, na boko kuwa bai ma ɓata bulalarsa a kaina ba. Ku yi haƙuri da rubutun.

A gonarmu ta gado, kan hanyar Kamarawa, akwai kukoki bakwai jere kamar sahun salla. Nomau ya ce ba wanda ya dasa su. Da Alƙalawa ta faɗa hannun masu jihadi, Gobirawa sunka watsu daji, ba abinci sai ɗiyan kuka, ana haɗiyewa har da ƙwaya. Mutum bakwai cikin danginmu yunwa ta kayar a nan, anka binne su inda sunka faɗi.

Ita ƙwayar kuka ɓawonta kamar ƙarfe yake. Ka shuka ta haka nan, sai ta shekara kwance tana yi maka dariya. Sai ta ratsa cikin mai rai, ko ta sha ruwan zafi, sannan ta tsage. Na gwada don in ƙaryata shi: na binne cikin tafi guda, ko ɗaya ba ta fito ba. Akuyata ta ci, sai ga tsiro bayan turke.

Duk farkon damina Nomau kan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya dafa, ya kira suna, ya yi addu'a. Ni ina baya ina kwaikwayon tafiyarsa.

"Kai Jaɗi, riƙe sunayen ga," in ji shi. "Ba ni dawwama."

"Yaya, icce ba shi amsa sallama."

"Wa ya ce ma icce nike gaidawa?"

Huɗu na riƙe: Tunau, Hassi, Barmo, Maidamma. Ukun ƙarshe sun bi shi kabari. Da iyali sunka tambaye ni, kunya ta hana in ce na manta. Nan take na ƙaga sunaye uku, har da tarihinsu. Ashe ramin ƙarya ƙurarre ne.

Bara kuka ta biyar, wadda na laƙaba wa Dije, ta ƙi fidda ganye. Kuka ba kamar sauran itatuwa take ba; cikinta soso ne cike da ruwa, da shi take tsallake rani. In ta mutu ba ta bushewa a tsaye. Da rana tsaka, ba iska ba hadari, ta durƙushe. Wata uku, ko makamashi babu, sai tulin zare da rami mai wani wari da masu wankan gawa sunka sani.

Malamin gona ya ce tsufa ne da ƙarancin ruwan ƙasa. Liman ya ce in bar camfi. Na yarda da su duka biyun. Amma sauran shidan sa'o'inta ne, ƙasa ɗaya suke sha.

Da Nomau zai leƙo yau ya ga jikokin masu gudun Alƙalawa sun sake ɗaura kaya suna barin gonaki, ba zai yi mamaki ba. Tambayata kawai zai yi, wa ke kiran sunaye.

Bai bar gida mai bene ba, bai bar garke ba. Abin da ya bari a bakina ya bar shi, na zubar da kusan rabi. Bana ganyen ta shida ya yi ƙaranci. Na daina kiranta da sunan ƙarya. Dafa ta nake in yi shiru.

In akwai tsohuwa a Tozai ko Kurawa da ta taɓa jin jerin nan a bakin kakarta, ta aiko, za ni zo da ƙafata. Suna biyu nake nema. Na ukun na makara.