Mai neman 'yata ya zare wayar wuta

Jiya ina tsaye bakin shagon gem a kasuwar Bukkuyum, ga Murtala, mai neman auren 'yata Hadiza, shi da abokinsa suna buga ƙwallon gem a talabijin. Bincike ya kai ni, ba kallo ba.

Kullum kulob ɗinsa yake ɗauka, masu jar riga, har hotonsu ya liƙa a babur. Abokinsa ya zura masa uku. Ina kallo ya miƙa ƙafa a hankali ya fizge wayar wuta, allo ya mutu.

"Kai, janaretan ga!" in ji shi.

Fanka kuwa tana ta juyawa bisa kansa.

Na ce, "Murtala, wutar talabijin kaɗai aka ɗauke?"

Ya juyo, ya durƙusa. "Baba, ina wuni. Wallahi ba ni iya ganin an ci su."

Na tsufa ina ganin manya suna ɓata abu da hannunsu, su ɗora wa inji. Na gaya wa Innar Hadiza a dakata da sa rana.

Ta ce wai wasa ne kawai. Ku gaya mini, ranar da Hadiza ta fi shi gaskiya, me zai fizge?